Leƙen fili da leƙen abokan karawa a wasan eyasof: ga amsoshin tambayoyin da kunka dame ni dasu

Tun ranar da na ɗora wancan tsohon hoton a sitatus, wanda nike durƙushe bayan wani kututture da tabarau a fuska da bindigar roba a hannu, wayata bata huta ba. Wasu na tambaya ko soja na shiga, wata gwaggona har kira tayi tana salati, yaran unguwarmu nan Birnin Kebbi kuma ƴan PUBG su damuwarsu ɗaya ce, yaya ina ake samun irinta. To hoton na lokacin da nike karatu a Ingila ne, wasa ne da ake kira eyasof, kusan duk lahadi sai naje, kuma aikin da anka fi bani a ƙungiyarmu shine leƙe, wato in riga kowa fita in karanto fili in gano inda abokan karawa suke. Na gaji da amsa mutum ɗaya ɗaya, ga su nan na tara wuri guda.

Wai miye eyasof ɗin, kuma miye milsim?

Kasan bindigar nan ta yara da ake saidawa lokacin sallah, mai ƴan ƙwayoyi ruwan ɗorawa da suke harbin juna dasu har iyaye suyi ta faɗa? To ita ce ƙaramar ƙanwarsa. Ƙwayar roba ce mai faɗin milimita 6, ta yaran nan bata da nauyi, giram 0.12 ce, ta manya kuma tana farawa daga 0.20 zuwa 0.25, 0.28, har sama da 0.40 ga masu harbin nesa. A Japan abin ya taso wajen shekarun 1970 saboda dokarsu ta tsananta ƙwarai kan mallakar bindigar gaske, sai kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir a 1991, shekarar da anka ƙirƙiro jihar Kebbi kenan, sa'o'in juna ne.

Milsim kuma shine idan anka ɗauki wasan da gaske ana kwaikwayon aikin soja, akwai kwamanda, akwai rukuni rukuni, ana ba ku aiki kamar ku riƙe wani gini ko ku ɗauko wani akwati, ana ƙayyade maku yawan ƙwaya, wani wasan ma kwana ake a fili. Akwai manya da mutane ke zuwa daga ƙasashe daban daban, kamar Berget a Suwidin da Border War a ƙasar Cek. Kuma duk abin akan amana yake tafiya, ƙwayar bata barin fenti a jiki, in ta taɓa ka kai zaka ɗaga hannu kace hit, wato an same ni, ka ɗora jan ƙyalle a kai ka koma wurin farfaɗowa, inda wanda anka fitar ke jira kafin ya sake shiga wasa, ko ka jira likitan rukuninku.

Bindigar tana kai nisa nawa, kuma mi ya haɗa wannan da leƙe?

Ai shine tushen komi. Mai batir ta yau da kullum in ta jefa ƙwayar 0.20 da gudun mita 100 a daƙiƙa to ƙarfin jul ɗaya kenan, jul shine ma'aunin ƙarfin harbi, kuma abinda zaka iya samu da ita cikin tabbaci bai cika wuce mita 40 zuwa 60 ba. Ta maharbin nesa mai ja ɗaya harbi ɗaya tana ƙarawa kaɗan, amma ita ma ba wani abin a zo a gani ba. Abinda ke sa ƙwayar tayi nisa ma wata ƴar roba ce cikin bututun, hofof suke ce mata, tana shafar ƙwayar daga sama sai ta fita tana juyawa baya baya iska na tallabarta.

Kaga kenan idonka yana kai inda ƙwayarsu bata kai. Mutum yana mita 100 kana ganinsa sarai yana sosa kai amma ko ya ganka babu abinda zai maka. Duk aikin ɗan leƙe a cikin wannan ratar yake, tsakanin inda ido ke kai da inda ƙwaya ke faɗuwa, wanda bai gane haka ba sai yayi ta rarrafe yana matsawa kusa ba gaira ba dalili har a fidda shi.

Daga ina ake fara leƙen fili?

Daga gida, kwana biyu ko uku kafin wasa. Masu shirya wasa sukan turo taswira da iyakar fili, sai ka buɗe Google Earth ka ɗora ido, akwai ma'aunin nisa a ciki, ka auna daga masaukinku zuwa kowane wuri da ake takara akansa. Amma dan Allah ka duba ranar da anka ɗauki hoton, tana nan rubuce a ƙasa. Mu ƴan nan mun fi kowa sanin dalili, ka ɗauki fadamar Argungu ko ta nan bayan gari a watan Maris ka sake kallonta a Agusta, wuri ɗaya ne amma inda ka bi da takalmi a rani sai da kwalekwale a damina, kuma gonar da take fayau bayan girbi in dawa ta kai ko raƙumi zai ɓace a ciki. Can ma haka ne, daji mai ganye a watan Yuli sai ka same shi tsirara a Janairu.

In taswirar takarda ce mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 shine kilomita ɗaya, in 1:50,000 ce santimita 2. Layukan nan masu lanƙwasa tsawon ƙasa suke nunawa, inda sunka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda sunka ware shimfiɗe ne. Ka buga ta a takarda ka sa a leda, waya caji ke ƙare mata.

To in na shiga filin da ƙafata mi zan duba?

Nan ne aikin yake, gani ya kori ji. Abu na farko da nike so kowa ya rarrabe shine abinda ke ɓoye ka da abinda ke tare maka ƙwaya, ba ɗaya ba ne. Ciyawa mai tsawo irin gamba tana ɓoye ka, kuma a wanga wasa har takan karkatar da ƙwaya tunda roba ce marar nauyi, amma in mutum ya sakar maka ruwanta dole ɗaya ta ratso. Katanga, gindin babban itace, tudun gara, ramin da anka ɗebi ƙasa, su ne ke tarewa da gaske. Kuma kar ka duba a tsaye kawai, durƙusa, kwanta ma, don abinda kake gani a tsaye daban yake da na mai rub da ciki, ƴar kunyar gona da kake rainawa tana iya shanye mutum kwance gaba ɗaya.

Sai kwari da kwazazzabo da duk wani lungu da ƙasa ta lotsa, wanda mai tsaro a kan tudu baya ganin cikinsa. Wannan shine zinariya, don ta nan rukuninku zai bi ya matso ba'a gani ba. Ni abinda nike yi, sai inje in tsaya daidai inda nike zaton abokan karawa zasu kafa tsaro, in juyo in kalli ɓangarenmu da idonsu, duk inda na kasa gani daga nan to na samu hanya.

Ka lura da mashigai, ƙofa, ƴar gada, gibin shinge, inda dole kowa ya matsu ya wuce, don nan ake kwanton ɓauna, ku ma nan zaku yi naku. Ka lura da abinda ƙafa zata taka, busasshen ganyen mangwaro da karan dawa ƙara suke kamar ana tauna ƙuli, rairayi da jiƙaƙƙiyar ƙasa shiru suke amma suna riƙe sawu. Tudu kuma kowa na son shi, sai dai kar ka hau can ƙololuwa ka tsaya sararin sama na bayanka, daga nesa kamar giginya ɗaya a fako kake, sauko ƙasa kaɗan yadda duhun tudun zai zama bayanka.

Sannan hanyar komawa. Yara basa tunanin wannan sam. Duk inda zaka laɓe ka riga ka san ta ina zaka sulale, kuma ba ta inda ka shigo ba.

Yaya zan san nisa ba tare da na'ura ba?

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai sai an koya masa. Je filin ƙwallo cikakke, tsawonsa tsakanin mita 100 ne da 110, ka taka daga gola zuwa gola kana ƙirga duk sanda ƙafar hagu ta sauka, yawancin manya sukan samu sittin da wani abu. Ka riƙe lambarka. Ka sa abokinka ya tsaya a tsakiyar fili ka kalli girmansa da kyau, wannan shine wajen mita 50, iyakar haɗari kenan. In hawa ne ko yashi takunka zai gajarce ƙirgan ya ƙaru.

Yaya ake gane ƙarfin abokan karawa?

Wallahi rabin labarin tun kafin a busa usur ake samunsa. Da safe kowa sai ya bi layi an gwada masa gudun ƙwaya a wata ƴar na'ura, kurono, a Ingila doka ta 2017 ta sa iyaka jul 1.3 ga mai sakin ƙwaya a jere, 2.5 ga mai ɗaya ɗaya. A wannan layin nike tsayawa ina shan shayi ina ƙirga, su nawa ne, nawa ke da doguwar ta harbin nesa, wa ke ɗauke da babba mai akwatin ƙwaya, su wa sunka zo da kaya iri ɗaya suna kiran juna da laƙabi, don waɗannan sun saba wasa tare kuma su ne abin tsoro ba mai kayan tsada da yazo shi kaɗai yana ɗaukar hoto ba. Wannan ba maguɗi ba ne, ido ne kowa ya zo da nashi. Abinda yake maguɗi shine ka laɓe kana sauraren shirinsu a wurin hutawa, ko ka kama tashar oba-obarsu alhali dokar wasan ta hana, ko bayan an fidda kai kana tafiya da jan ƙyalle kana raɗa ma naku inda suke. Matacce baya magana, haka suke cewa can.

In an fara kuma kunne ya fi ido aiki. Mai batir kukanta kamar keken ɗinki, mai gas tana da ɗan tas mai kaifi, ta harbin nesa fuf ɗaya sai shiru. Akwai wani gidan ƙwaya mai cin ɗari uku ko fiye da ƙwayoyin ke zube a ciki, mai shi in yana gudu kamar an sa tsakuwa a gwangwani, shi yasa a milsim na gaske ma hana shi ake. Ka kalli ta inda waɗanda anka fitar suke bi su koma, su zasu nuna maka wurin farfaɗowarsu, daga nan sai ka lissafa minti nawa suke ɗauka su dawo. Tsuntsaye ma ƴan rahoto ne, duk wanda ya taɓa bin mafarauta ya san in kurciyoyi sunka tashi fir lokaci ɗaya daga wani kurmi to akwai mai motsi a ƙasa.

Na gansu basu ganni ba, in harba?

A'a. Kuma nasan zaka harba, don nima nayi. Wasana na uku ne ko na huɗu, na kwanta cikin wani ramin ruwa da ya bushe sama da rabin awa, sanyi ya gama cin gwiwata, sai ga mutum bakwai a jere suna tafe da akwatin da muke nema tun safe, na gaba har yana cin biskit. Maimakon in danna oba-oba in faɗa ma kwamanda sai zuciya ta ɗebe ni na fidda mutum ɗaya, ɗaya tak, sauran shida sunka juyo sunka yi min wanka da ƙwaya, sunka canza hanya, akwatin bamu sake ganinsa ba har anka tashi. Kwamandanmu wani dattijo ne mai gyaran famfo, bai min faɗa ba, ruwa kawai ya miƙo min ya tambaye ni su nawa ne kuma ina sunka nufa, na buɗe baki na rasa amsar ta biyun.

Mi zan faɗa a oba-oba?

Gajere, kuma abinda ka gani ba abinda kake zato ba. Su nawa, mi suke yi, a ina, wane launin ƙyallen shaidar ƙungiya ke hannunsu, ƙarfe nawa, mi suke ɗauke da shi. Misali, mutum biyar, suna tafiya gabas, bayan tsohuwar rijiya, shuɗin ƙyalle, yanzunnan, ɗaya da doguwa. Shikenan ka saki maɓalli. Banda suna da yawa, banda ga su can, can ina? Tun kafin wasa ku raɗa ma wurare suna kowa ya haddace, rijiya, mangwaro biyu, jan gini. Ka danna ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya kafin ka fara magana in ba haka ba kalmar farko zata yanke, kuma ka sa abin kunne, don ba abinda ke tona asirin mai laɓe kamar rediyo ta kwatsa kira a aljihunsa.

Mutum nawa ake turawa leƙe?

Biyu. Ɗaya na kallon gaba ɗaya na tsaron baya. Uku sun fara zama ayari.

Rana da iska suna da tasiri?

Sosai. Ƙwaya ce da bata kai nauyin ƙwayar masara ba, iska kaɗan sai kaga ta lanƙwasa kamar bugun kwana. Da a nan ne lokacin hunturu, iskar daga arewa maso gabas take busowa, wanda ta biyo ta bayansa ya ci riba, wanda ke fuskantarta kuwa nisan harbinsa ya ragu ga ƙura a ido. Rana ma kana so ta zama bayanka, da safe ka fito masu ta gabas, da la'asar ta yamma, kuma ka kula da ƙyallin gilashin tabarau ko na agogo. Zafin nan namu na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 kuma matsala ce ga kayan kansu, gas na ƙara ƙarfi a zafi har bindiga ta wuce iyakar da anka yarda, batir kuma in ka bar shi cikin mota a rana zai iya kumbura ko ya kama wuta.

Ba sai in tada duron, wato ɗan jirgi marar matuƙi, in huta ba?

Can ma ba kowane fili ke yarda ba. Nan kuwa tada jirgi marar matuƙi sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ku tuna a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Ka tada abu yana shawagi kan ƙauye a wanga yanayi, kafin ya sauko labari ya kai inda baka so.

Yaya tsakani da Allah, za'a iya wanga wasa a Kebbi ko Zamfara?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan. A daji, a'a, ko kusa, ko da wasa. Wani yaro daga Gusau ya turo min hoton duwatsun Kwatarkwashi wai yaya kalli fili, wani kuma yace tsaunukan Zuru. Fili kam ya yi kyau, amma ku ɗin nan kun fi ni sanin halin da ake ciki, ba'a manta ɗaliban Birnin Yauri na 2021 ba, ba'a manta abinda Lakurawa sunka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ba. Bindigar eyasof daga taku ashirin babu mai rarrabe ta da ta gaske, haka anka ƙera ta. Soja ko askarawa ko ƴan sa-kai ko manomin da anka taɓa kora daga gonarsa, in ya hango samari goma suna sanɗa cikin sabara da baƙin abu a hannu, wa zai tsaya tambaya ko roba ce? A Amurka ma da doka ta ce a sa jan-lemo a bakin irin waɗannan bindigogi, a 2014 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, a birnin Kilibland yana riƙe da irinta. A Ingila in baka da rajistar ɗan wasa sai dai a saida maka wadda anka shafe fiye da rabinta da launi mai haske, kuma a jaka rufe ake kai ta fili.

Ga kuma kaki mai dabbare dabbare, farar hula ya sa shi a Najeriya laifi ne, sojoji sun sha gargaɗi akai. Shi kansa leƙen ma, mutum ya riƙa zagaya gefen gari yana zana taswira yana magana a oba-oba, sunan da za'a kira shi da shi infoma, kuma kun san abinda ke biyo bayan wannan suna.

In har wata rana za'a yi shi nan, sai a wuri mai katanga, da rana tsaka, da yardar mai wuri a rubuce, an sanar da DPO da mai unguwa da maƙwabta, kaya masu launi mai haske da kowa zai gane wasa ne, sannan kafin kowa ya kashe kuɗinsa wajen odar bindiga daga waje ya fara zuwa wurin ƴan sanda da kwastan yaji matsayinta.

To mi zamu yi kenan, mu haƙura?

Ai leƙe baya buƙatar bindiga, shi yasa nike son shi. Kawuna nada lambun mangwaro da gwaiba zagaye da katanga, da naje neman izini sai da ya dube ni sama da ƙasa yace kai yanzu da girmanka wasan ɓuya zaka koma, nace Kawu kusan haka ne, yace to kar a taɓa masa ɗanye. Ranar asabar muna zuwa da yaran mu goma sha biyu, shida jan ƙyalle shida shuɗi, rigunan ƙwallo kowa ya sa. Ja su ɓoye bokiti su tsare shi, shuɗi su turo mutum biyu, a basu minti talatin su dawo su zana a ƙasa inda bokitin yake, masu tsaro nawa, ta ina za'a shiga. In mai tsaro ya ganka ya kira sunanka ka fita. Satin farko duk cikin minti biyar anka kama su, gudu suke kamar a waya. Wanda ya fara cin wasan wani ƙaramin su ne da ke taya babansa kiwo, ya cire silifa ya bi ta lambatun ban ruwa, ya kwanta ƙarƙashin gwaiba kusan minti ashirin ko tari bai yi ba, ya dawo ya faɗa mana har wanda ke danna waya a bakin aiki.

Wane kaya ɗan leƙe ke ɗauka?

Kaɗan, kuma ba mai ƙara. Tabarau na kariya shine farko a duk inda ƙwaya ke tashi, mai ɗauke da tambarin gwaji irin ANSI Z87.1, ba gilashin gayu na kasuwa ba, kuma ko ya yi gumi ya dushe ba'a cire shi cikin fili, ƙwaya ɗaya ta isa ta tsiyaye ido, haƙori ma tana fasawa shi yasa ake rufe baki da raga. Sai ruwa, agogo, kamfas, ɗan littafi da fensir, usur don ko wani abu ya faru. Ka yi tsalle sau biyu kafin ka fita, duk abinda ya yi kacau ka ɗaure shi ko ka aje.

A lambun kawu kuwa abinda na fi matsa ma yaran shine takalmi rufaffe da dogon wando, har shi mai cire silifan na hana shi sakewa, don ƙasarmu ta kububuwa ce da kunama, kuma inda ɗan leƙe ke son kwanciya, gindin itace da tarin busasshen ganye da bakin rami, nan su ma suke so. Sai ka fara bubbuga wurin da sanda kafin ka kai ƙirji ƙasa. Ƙarangiya kam babu maganinta, in mun tashi kowa sai ya zauna bakin rijiya yana cirar tashi.